Ranakun da ba a ba da hutu dominsu: yadda za ku raya su a Sakkwato da tafiya, waya da tarihi

Jama'a kowa ya san ranar Sallah, kowa ya san 1 ga Oktoba, waɗanga ko ba ka duba kalanda ba rediyo za ta gaya maka an ba da hutu. Amma tare ɗan makarantar da ke wucewa ta gaban filin wasa na Giginya kullum ka tambaye shi mi ya faru ranar 15 ga Maris, da wuya ka samu amsa, alhali a wagga rana ce a 1903 sojojin Ingila sunka gwabza da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a bakin gari, kuma sunan filin don tunawa da wannan ne. Irin waɗanga ranaku nike nufi, ba hutu ba sanarwa, in ba wani ya tashi ya tuna su ba sai su wuce haka nan. Kuma abin da na yi imani da shi shi ne rana ba ta zama a kan mutum sai an haɗa ta da wurin da za a taka da ƙafa, da mutumin da zai ba da labari da bakinshi.

Bari in share wata magana tun yanzu don na san garinmu. Idi biyu gare mu, ƙarama da babba, ba wanda ke neman ƙara na uku. Abin da nike magana a kai ziyara ce da neman sani, ba salla ta musamman ba yanka ba wata ibada da anka ware wa ranar. In ka fayyace wanga tun farko ga mutanen da za ka gayyata, musamman iyaye, ka huta da dogon musu.

Mataki na farko shi ne tara ranakun, ka samu ɗan littafi ko wurin rubutu a wayarka ka fara zubawa ba tare da tacewa ba. Ka fara da tarihin gida don shi ya fi yawa kuma shi ya fi kusa. 21 ga Fabrairu 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. 21 ga Yuni na shekarar anka yi yaƙin Tafkin Kwatto inda Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ja runduna sunka kori Sarkin Gobir Yunfa. Oktoba 1808 Alkalawa ta faɗi, 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, 20 ga Afrilu 1817 Allah ya yi wa Shehu rasuwa, 1837 Bello ya rasu a Wurno inda kabarinshi yake har yau. Ga 15 ga Maris ɗin da na faɗa, ga 27 ga Yuli 1903 da anka kashe Attahiru a Burmi can ƙasar Gombe bayan ya bar gari da ɗimbin jama'a ya nufi gabas. Ga Satiru a 1906, ƙauyen da ya yi wa Turawa tawaye a Fabrairu har anka kashe Turawa uku, sunka dawo 10 ga Maris sunka rushe shi ƙurmus, wanga labari yana da ɗaci shi ya sa ba a cika son tada shi ba amma ni a ganina shi ne ma ya fi cancanta matasa su sani. Har da 13 ga Afrilu 1827 da Baturen nan Clapperton ya rasu a Sakkwato a zuwanshi na biyu wurin Bello, da 3 ga Fabrairu 1976 da anka ƙirƙiro jihar Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996.

Sai ranakun duniya waɗanda ba kowa ya damu da su ba. 2 ga Fabrairu ranar fadamu da dausayi ce, 13 ga Fabrairu ranar rediyo, 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, 18 ga Afrilu ranar wuraren tarihi, 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi, 1 ga Yuni ranar madara, 22 ga Yuni ranar raƙumi, 26 ga Agusta kuma Ranar Hausa wadda ɗan jarida Abdulbaki Jari da abokanshi sunka fara a 2015 a kafafen sada zumunta, ba gwamnati ta kafa ta ba, mutane ne da wayoyinsu, yanzu ga shi ana taro dominta a ƙasashe da yawa.

Kashi na uku na al'ada ne masu bin watan Musulunci, irin cika-ciki a goma ga Muharram da wasan taubasai da ke biyo shi ana karɓar kuɗin shara, da tashe daga goma ga azumi. Waɗanga tambayi tsofaffin gidanku, sun fi kowane shafi sani.

Mataki na biyu, yanke. Kada ka ce duk za ka yi, huɗu ko biyar a shekara sun isa, kuma ka zaɓa da yanayi a zuciyarka don Sakkwato ba a wasa da ranarta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, tafiya mai nisa a nan ya kamata ta faɗo. Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, duk abin da za a yi a yi shi cikin gari kuma a gama kafin hantsi ya ɗaga. Yuni zuwa Satumba damina ce, hanyar ƙauye na iya yankewa kuma mutanen da za ka je wurinsu suna gona, ba su da lokacin zama da baƙo sai yamma.

Kowace rana ka ɗaura mata wuri ɗaya. Wadda na fi so ita ce 21 ga Fabrairu don abu biyu sun haɗu a cikinta, hijirar Shehu da ranar harshen uwa, kuma sun dace da juna sosai tunda Shehu da iyalanshi ba da Larabci kaɗai sunka karantar ba, sun yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa don manomi da makiyayi da matan cikin gida su gane. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara 'yan taru, jajis, wato mata masu jagorantar karatun, suna zuwa daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin su koma su karantar da mata. To a wagga rana in hanya ta yi kyau a je Degel a ƙasar Gwadabawa, in ba ta yi ba a je Sifawa ta wajen Bodinga inda Shehu ya zauna kafin ya dawo Sakkwato a 1815, ga ta nan kusa, ko a tsaya Hubbare, inda kabarin Shehu yake, cikin gari, a samu wani dattijo ko dattijuwa su rera baiti biyu uku a fassara wa yara.

18 ga Afrilu kuma zafi ne, don haka zagayen ƙofofi ya dace da ita. A fito bayan sallar asuba a bi su ɗaya bayan ɗaya, Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jodi, wani wurin a taka wani wurin a hau kabu-kabu ko Keke Napep, a kowace a tsaya a tambayi mutanen unguwa ina ganuwa ta bi a da, ina hanyar ta nufa, su wa ke shigowa ta nan. In kun sa kowace ƙofa a taswira kun ja layi tsakaninsu za ku ga girman tsohon gari da idonku, ku ga yadda sabon ya ninka shi. 18 ga Mayu a tafi gidan tarihi na Waziri Junaidu, a rubuta masu takarda tun da wuri in kuna da yawa don a ba ku mai zagayawa da ku. Ranar raƙumi a je Kara, kasuwar dabbobi, a zauna da dillalai. Ranar fadamu a je tafkin Kware ko bakin gulbin Rima a ga masu noman rani da albasa da shinkafa. Mai ƙarfin aljihu da son duwatsu ya sa Surame a lissafi, tsohon birnin Muhammadu Kanta na Kabi da anka gina a ƙarni na 16, ganuwarshi ta dutse tana nan tsaye cikin daji ta wajen Binji, tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana jiran a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Argungu kuma kamar kilomita 100 ce, amma bikin kamun kifi ba shi da tsayayyar rana kuma ba kowace shekara ake yi ba, sai dai gidan tarihi na Kanta yana nan ko ba biki.

Mataki na uku, zuba su a waya. Buɗe Google Calendar ko duk kalandar da ke wayarka, ka rubuta ranar, ka zaɓi ta riƙa maimaituwa duk shekara, ka sa tunatarwa biyu, ɗaya saura sati uku don shiri ɗaya saura kwana biyu. A wurin bayani ka rubuta layi uku kan abin da ya faru da lambar mutumin da zai tarbe ku. Inda ake samun matsala shi ne ranakun watan Musulunci, shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, in ka ce cika-ciki ta maimaitu duk shekara a kalandar Bature baɗi za ta buga maka ƙararrawa bayan an gama. Waɗanga sai dai ka riƙa shigar da su da hannu duk sabuwar shekara, kuma kada ka dogara da lissafin manhaja kaɗai don takan saɓa da kwana ɗaya, sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ita ce abin bi. Ranakun jihadi ma ku yanke shawara da wace kalanda za ku tafi, hijirar Shehu 10 ga Zulƙida 1218 ce, rasuwarshi 3 ga Jimada Sani 1232, malamai da yawa da wanga lissafin sunka san su. Ni na fi son na Bature don dalili guda, yana riƙe yanayi, ka je Degel a Fabrairu ka ji irin iskar da ƙurar da mutanen sunka fita a cikinta da mata da yara da littattafai a kan raƙumi.

Ka buɗe guruf na WhatsApp amma ƙarami, mutum goma zuwa sha biyar, a sa doka ba siyasa ba tallan kaya, in ba haka ba cikin wata ɗaya ya zama wani abu daban. A raba aiki, wani kuɗi wani mota wani karatu wani ɗaukar murya da hoto. Kuɗi kuma a riƙa tarawa kaɗan kaɗan duk wata kamar adashe, ya fi a tashi ana saura kwana uku ana bin mutane.

Mataki na huɗu shi ne wanda ba na yarda a tsallake, tsaro da neman izini. Kowa ya san halin da gabashin jiha ke ciki saboda 'yan bindiga, Sabon Birni inda kufan Alkalawa yake, da Isa da Rabah da Goronyo har wani ɓangare na Wurno, ga kuma Gudu da Tangaza ta arewa maso yamma, wato manyan wuraren tarihin namu da yawa suna inda hanya ba ta da tabbas, wanga abu yana ci mani rai ƙwarai amma ba tarihin da ya kai ran mutum. Taswirar waya ba ta san wanga ba, za ta nuna maka hanya shuɗiya lafiya lau. Don haka tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum, ka kira ɗan garin ana gobe, ka sake kira da safe kafin a tada mota, in ya ce ku dakata to ku dakata ko da an riga an zuba mai. A tafi bayan gari ya waye a juyo kafin la'asar, kada a sanar da rana da wuri a Facebook sai an dawo, kuma a bar wa wani a gida sunayen matafiya da lokacin da ake sa ran dawowarsu. In kun isa kada ku zarce kufai ko maƙabarta kai tsaye kuna ɗaga waya, ku fara da gidan hakimi ko mai unguwa, a cire takalmi a durƙusa a ce ranka shi daɗe mun zo ziyara ne daga cikin gari muna son a nuna muna wuri kaza, a aje ɗan goro. Shi zai haɗa ku da wanda ya san wurin, kuma daga nan kun zama baƙin gari ba wasu da ba a san daga ina sunka faɗo ba.

In tafiya ta gagara ranar ba ta mutu ba. A taru a zaure ko ƙarƙashin bishiya a makaranta, a buɗe hoton tauraron ɗan adam a Google Maps a nemo wurin, a kira wani ɗan garin ta bidiyo ko a gayyato ɗan asalin can da ke zaune cikin gari, yanzu ma suna da yawa a Sakkwato saboda gudun hijira, kuma za ku ga yadda suke jin daɗi a tambaye su labarin garinsu ba labarin 'yan bindiga ba.

Mataki na biyar, karatu kafin tafiya. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyi ya karanto, ya taƙaita a saƙon murya na minti biyar ya tura guruf ana saura kwana biyu. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi su ne tushe don waɗanda sunka rubuta su suna wurin, Tarihin Fulani na Waziri Junaidu da Hausa yake kowa na iya karantawa, ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo kuma laburare na hannunsu. Abin da kunka gani a TikTok ko wani dogon rubutu da ake turawa ba sunan marubuci, ku riƙe shi a matsayin tambaya da za ku yi in kun je.

Ana gobe a yi cajin komi, a ɗauki fawa banki, a sauke taswirar yankin a waya tun ana da netwok don ta yi aiki ko ba data, a share memori. Ruwa ya fi abin da kuke zato, hula ko malfa, da guzuri mara lalacewa irin hoce da ƙuli da dabino, fura kuma a saya a can wurin matan garin.

Mataki na shida, ranar kanta, kuma a nan ne yawancin mutane ke ɓata abin, a iso a yi ta hoto ana jingina da bango a juya. Ku ba hoto minti goma sannan a aje wayoyi sai guda ɗaya mai ɗaukar murya. A nemi inuwa a shimfiɗa tabarma, dattijo ya zauna inda iska ba ta bugun fuskarshi don iskar hunturu na cinye murya, a danna alamar jirgin nan a wayar kada kira ya katse, a aje ta kan hula ko ɗankwali kamar taƙi biyu daga bakinshi ba a cusa mashi ita a fuska ba. Kafin a danna a tambaye shi, Baba za mu ɗauki muryarka don yara su ji, ka yarda? ka yarda a sa a intanet ko mu aje a wurinmu kawai? Sai mai ɗauka ya fara faɗin kwanan wata da sunan gari. Tambaya kuma kada ta zama ta jarrabawa, in ka ce Baba a wace shekara anka yi kaza zai ce Allah masani magana ta mutu. Ce mashi Baba wa ya ba ka wanga labari, a ina kakanka ya ce sunka tsaya, wanga dutse mi ake ce mashi, da kuna yara mi ake hana ku yi a nan. In ya yi shiru kada a cike shirun, yana tunowa ne, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne wanda ba ya cikin kowane littafi. In abin da ya faɗa ya saɓa da abin da kunka karanta kada wani yaro ya ce a'a Baba ba haka ba ne, a rubuta duka biyun a tafi da su.

Kuma mata su shiga cikin gida wurin su Inna da Gwaggo da tasu wayar, waƙoƙin Nana Asma'u da na daka da labarin yunwa da na aure a can suke, maza ba za su taɓa jin su a zaure ba. In an fito maku da tsohon rubutun ajami kada a kunna fitilar kyamara kuma kada a taɓa da hannu mai gumi, mai shi ya buɗe da kanshi ku ɗauka a hasken inuwa shafi bayan shafi. A Hubbare da sauran maƙabartu a tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a ɗauka da inda ba a yarda ba, a yi sallama a yi addu'a a rage murya. Wayar kuma kada a bar ta a rana ko kan gaban mota, zafin Afrilu na kashe ta tsakiyar ɗauka. Kafin a tashi a yi wa wanda ya ba ku lokacinshi alheri daidai ƙarfi, a asirce.

Mataki na bakwai bayan an dawo, kuma a yi shi cikin satin kafin zafin abin ya huce. A canza wa kowane fayil suna, shekara da wata da rana da gari, misali 2025-02-21 Sifawa murya 1, a aje a wuri biyu, Google Drive da kwamfutar wani ko filashi, don waya na faɗuwa ana sace ta. Wani ya zauna ya rubuta abin da dattijon ya faɗa da Sakkwatancinshi yadda ya faɗe shi, kada a gyara mashi zuwa Hausar littafi. Hotunan wurare waɗanda ku kunka ɗauka da kanku a ɗora su a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, da bayani da Hausa, a duba Wikipedia ta Hausa in garin na da shafi a ƙara hoton, in wurin ba ya kan Google Maps ko OpenStreetMap a sa shi da sunan da mutanen garin ke kiran shi. Muryar da ba a ba ku izinin yaɗawa ba ta tsaya a wurinku ko da ta fi kowace daɗi. Sannan a wanke hoto biyu uku a kati, wanda dattijon ke ciki da jikokinshi, a ba direban da ke bin hanyar ya kai mashi tare da gaisuwa, a kira a tabbatar ya isa. A zaman ƙarshe a buɗe kalanda a duba rana ta gaba, a ba wani daban jagorancinta, wanda ya riƙe kuɗi wanga karo shi zai yi karatu a na gaba.